Kurakuran da ake yi wajen sayen kayan sitidiyon gida

Wani ƙanina ya yi wata shida yana tara kuɗi, ya sayo makirfo mai ƙyalli, ya nemo wata 'yar waya ya jona shi a laftof, shiru kake ji. Har ya fara shirin komawa kasuwa rigima, wai jabu aka ba shi. Makirfon kuwa lafiyarsa ƙalau, wuta ce bai samu ba. Makirfon kwandensa irin su Audio-Technica AT2020 da Rode NT1 sai an turo musu wuta bolt 48 ta wayar XLR, mai haƙora ukun nan, kuma ramin laftof ba ya ba da ita. Mai ba da ita shi ne akwatin da 'yan sitidiyo ke kira saunkad, wanda ake jonawa ta USB, a jikinsa akwai maɓalli an rubuta 48V. Don haka kada ka sayi makirfo ka ce saunkad sai wani wata. Tare suke tafiya.

Wajen zaɓen saunkad, fara da ƙirga bakunan da za ka ɗauka lokaci guda. Focusrite Scarlett Solo ramin makirfo ɗaya gare shi, Scarlett 2i2 da Behringer UMC202HD biyu-biyu. In kai kaɗai ne kake ɗora murya a kan kiɗan da ka haɗa a manhajar FL Studio, ɗaya ya isa. Amma in kana so mawaƙi da mai amshi su yi tare, ko ka ɗauki mai kalangu yana kiɗa yana waƙa, biyu kake buƙata. Lambar 192kHz da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali kuwa, wato sau nawa saunkad ke ɗaukar sauti a daƙiƙa guda, kada ta ɗauke maka hankali. Kunnen ɗan Adam bai wuce hats 20,000 ba, wato ma'aunin kaifin sauti, kuma 44.1kHz da faifan CD yake kai ya isa ɗaukar hakan. Ka saita 48 da bit 24 ka yi aikinka. Abin da 192 zai ƙara maka shi ne fayil mai nauyi ninki huɗu.

Sai ƙorafin da aka fi kawowa: mawaƙi ya sa hedfon, ya buɗe baki, muryarsa ta dawo masa a makare, ya kasa hawa kiɗa. Nan da nan sai a ɗora laifin a kan kwamfuta, wasu har su canja ta. Sau da yawa direba ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa saunkad da kwamfuta. A Windows, ka sauke direban ASIO na kamfanin da ya ƙera saunkad ɗinka, ka zaɓe shi a cikin manhajar, sannan ka duba bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. Bafa 128 a kan 48kHz bai kai milisakan 3 ba, 1024 kuwa ya haura 21, kuma jinkirin shiga da na fita haɗuwa suke yi. Lokacin ɗaukar murya ka sauke shi zuwa 128, lokacin miksin, wato daidaita murya da kiɗa, ka mayar da shi sama don kwamfuta ta samu sarari. Yawancin saunkad suna da maɓallin da ke juyo muryar kai tsaye zuwa kunne ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, sai dai a busasshiya za ta zo, ba kwalliyar da manhaja ke yi mata. Mawaƙanmu da yawa ba sa sakin jiki sai suna jin Auto-Tune, manhajar da ke gyara karin murya, a kunne, to su dole ka bi ta ƙaramin bafa. Hedfon na Bluetooth kuma ka bar shi wa sauraron waƙa a hanya, jinkirinsa ba ya gyaruwa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi, a ganina, shi ne sayen makirfo mai tsada a kai shi ɗakin da ba a gyara ba. Kwandensa ba ya zaɓe: fanka, kukan akuya, adaidaita a lungu, janaretan maƙwabci, duk zai kwaso. Ɗakin siminti mai tayil kuma murya ce ke dukan bango tana dawowa, waƙa ta fito kamar a banɗaki aka yi ta. Kiret ɗin ƙwai da ake liƙawa a bango ado ne kawai, siririn soso ma sautin sama kaɗai yake sha. Jingina katifa a bayan mawaƙi, rataya bargo mai kauri gefe da gefe, shimfiɗa darduma, kashe fanka ko da za a yi gumi. In unguwarku ba ta yin shiru, makirfon dainamik irin Shure SM58 ya fi maka, don baki ake kusanta masa, sai murya ta danne hayaniyar. Jabunsa dai ya cika kasuwa, in ka ji farashi ya yi araha da yawa, ka ja baya. Shure SM7B da ake gani a bidiyo kuwa yana neman ƙarfi kusan desibel 60, ƙaramin saunkad sai ka murɗe shi har ƙarshe, sannan ga shuu a ƙarƙashin murya.

Akwai wani gurnani da ke shiga waƙa musamman in an koma kan janareta. Kafin ka zargi makirfo, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga wuta ne. Jona komai a soket ɗaya, raba wayar sauti da wayar wuta, sa wayar XLR ko ta TRS, mai kai kamar na babban hedfon, zuwa sifiku, in ta kama ka ɗauki muryar a kan batir. Sitabilaiza ma ba almubazzaranci ba ne.

Miksin a kan sifikun falo ko na biki yana yaudara, don an ƙera su ne su ƙara bes su daɗaɗa sauti. Za ka rage bes ɗin da babu shi, waƙa ta fito a rame. Sifiku masu inci 5 kamar Yamaha HS5 ko JBL 305P sun isa ƙaramin ɗaki: daidai tsayin kunne, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazararka da kowanne. In kuɗi bai kai ba, hedfon rufaffe irin Sony MDR-7506 zai riƙe ka, kuma ba ya yoyon kiɗa cikin makirfo. Bayan ka gama, saurari waƙar a waya da cikin mota, don a nan jama'a za su ji ta.

Kada ka murɗa gen, wato maɓallin ƙarfin makirfo a jikin saunkad, har jar fitila ta kama, muryar da ta fashe ba ta ɗinkuwa. Sa mawaƙin ya rera baitin da ya fi ɗaga murya, ka tsayar da mitar ƙarfin sauti wajen -12. Tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, da ragar tare iska a tsakani, saboda "fa" da "ba" ɗinmu da iska suke fitowa. In an tashi aiki, musamman da hunturu, mayar da kwandensa cikin jakarsa ka zuge. Ƙanin nan nawa ya bar nasa a tsaye har hazo ya wuce, ranar da muka kwance ragar kan makirfon sai da muka ga ƙura ta yi wa fatar ciki lulluɓi.