Darasi na 9: Tsutsotsin ciki da ke yawo tsakaninmu da dabbobinmu

A gidajen Damagaram da yawa, daga Birni har Zango, rago yana ɗaure a turke kusa da madafa, kaji suna tono a gindin randa, yara kuma suna rarrafe a wannan ƙasar. Kiwo arziki ne, ba wanda zai ce a daina. Sai dai akwai tsutsotsin da ke fita daga dabba su shiga mutum, su kuma koma dabba ta hanyar kashi.

Mu fara da tsila. Mai tsila yakan ga ƴan gaɓoɓi farare masu faɗi a bayan gidansa, wani lokaci ma a wando, suna motsi. Kowace gaɓa cike take da dubban ƙwai. In ya yi bahaya a daji ko a bakin tabki, saniya ta ci ciyawar wurin, sai ƙwan su ƙyanƙyashe su shiga tsokarta, su zama ƴan ƙulli farare kamar ƙwayar shinkafa. Wanda ya ci naman nan bai dahu ba, cikin wata 2 zuwa 3 tsila ta girma a hanjinsa, tsawonta yakan kai mita 5 ko fiye. Saboda haka tsiren da aka sauke da gaggawa, cikinsa da sauran ja, a mayar da shi kan wuta. Yaji ba ya kashe ta. A riƙa sayen naman da ya fito daga kwata, inda malaman dabbobi ke duba shi, kuma kowa ya shiga masai, har da yara.

Ta biyu ta fi ɓoye kanta, ta kuma fi haɗari. Ranar layya, in an feɗe rago, wani lokaci ana ganin ƙulli cike da ruwa a jikin hanta ko huhu. Abin da aka saba shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. Don Allah a bar wannan al'ada. Ƙullin nan ɗauke yake da ƴaƴan wata tsutsa da ke girma a hanjin kare. Karen ba ya nuna alamar ciwo, amma kashinsa yana zuba ƙwai a tsakar gida da gona da bakin rijiya, har gashinsa ma yana ɗauke da su. Yaro ya shafa kare ya sa hannu a baki, irin wannan ƙulli sai ya fara tsiro a hantarsa ko huhunsa. Yakan yi shekaru shiru kafin ciki ya soma ciwo ko tari ya ƙi ƙarewa, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Hanta mai ƙulli a ƙone ta, ko a binne ta a rami mai zurfi da kare ba zai tono ba.

Maraƙi ko ɗan tunkiya mai zawo shi ma yana sa wa ƙananan yara zawo. A nisanta turkensa daga randa, a wanke hannu da sabulu bayan sharar turke, a tafasa ruwan tabki kafin a sha. Yaro mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Malama, in kin ga tsutsa a kashin ɗanki, ki faɗa wa likita kamanninta ba tare da kunya ba, domin kowace da maganinta. Macijin ciki ana ba shi albendazol, tsila kuwa sai firazikantel ko nikulosamid. Maganin tsutsar dabbobi na dabbobi ne, kada mutum ya sha.

Aikin gida: Rubuta dabbobin da ke gidanku da inda kowace take kwana. Auna taku nawa ne daga turke zuwa randa, ka kawo amsar aji.