Yadda Za Ka Zaɓi Madabod Mai Juriya Idan Za Ka Haɗa Kwamfutar Gida

Galibin masu zuwa wurina da niyyar haɗa kwamfutar tebur sun riga sun kashe kuɗinsu a zuci a kan furosesa da katin hoto, sai su bar wa madabod, babban allon da duk kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, canjin da ya rage. A nan nake fara tsayar da su. Furosesa mai rauni jinkiri kawai zai jawo maka. Madabod mai rauni kuwa, kana tsakiyar aiki kwamfuta za ta ɗauke, ko ka kunna da safe fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, kuma ka rasa wanda za ka zarga domin komai a kansa yake zaune. Abin da nake nema a bod bai da yawa: in kunna ta tashi, ta wuni tana aiki a zafin Afrilu ba ta daskare ba, ta yi shekaru a haka. Fitilu masu launi da hoton dodo a jikin kwali ba sa cikin lissafina.

Ka fara da furosesa, domin shi zai faɗa maka soket, wato mazaunin furosesa a jikin bod. A ɓangaren AMD akwai AM4, wanda ke ɗaukar Ryzen tun 2017 har zuwa jerin 5000 kuma yana aiki da RAM nau'in DDR4, sai AM5 da ya fito a 2022, shi kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. A ɓangaren Intel, LGA1700 na ƙarni na 12 da 13 da 14 ne, LGA1851 kuma na Core Ultra 200 da ya fito a 2024. Sai dai shigar furosesa cikin soket ba ta nufin zai yi aiki. LGA1151 misali ne: bod mai cifset (guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan bod) na jerin 100 ko 200 na ƙarni na 6 da 7 ne, na jerin 300 kuma na ƙarni na 8 da 9, alhali ramin iri ɗaya ne a ido. Haka cifset B550, duk da na AM4 ne, a hukumance ba ya karɓar Ryzen 2000, ko 3200G da 3400G. Don haka kafin ka zaro kuɗi, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, ka rubuta cikakken sunansa harafi da harafi, ka buɗe jerin furosesan da yake ɗauka. A gefen kowane furosesa za ka ga lambar BIOS ɗin da ake buƙata, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta. Ka rubuta ta a takarda, za mu dawo kanta.

Game da cifset, shawarata ta tsakiya ce: B550 a AM4, B650 a AM5, B660 ko B760 a LGA1700. Na ƙasa, irin su A520 da H610, suna yi wa mai aikin rubutu da intanet da kallon bidiyo, amma a nan kamfanoni suka fi rage kaya. Na sama, X670 ko Z790, kuɗin ƙarin ramuka kake biya, a Z790 har da damar tura furosesa fiye da ƙima, kuma mai neman kwanciyar hankali ba ya tura furosesa fiye da ƙima. Ina kuma fifita bod ɗin da ya shekara ko fiye a kasuwa a kan wanda ya fito jiya. Sabon dandali kan zo da ƙananan matsaloli da sai an saki BIOS sau da yawa kafin su kwanta. Bari masu zumuɗi su fara gano maka su. B550 tun 2020 yake, an san halinsa ciki da bai, shi ya sa har yau idan mutum ya ce mini kwamfutar gida yake so ba ta gasa ba, nakan haɗa masa shi da Ryzen 5 5600 ko 5600G.

Yanzu ga inda na fi daɗewa idan bod yana hannuna: kewayen soket, ta sama da ta hagu. Waɗancan ƙananan baƙaƙen dunƙule da ke jere a wurin su ne VRM, masu karɓar wuta mai bolt 12 daga fawa fak su sauke ta zuwa bolt ɗaya da ɗan ɗoriya da furosesa ke sha. Aiki ne mai haifar da zafi sosai. Idan suka yi zafi fiye da kima, bod zai rage wa furosesa gudu don ya kare kansa, wani kuma ya kashe kwamfutar baki ɗaya, kuma zafin yau da gobe yana rage wa kafasitocin da ke kusa kwana. Abin dubawa shi ne ko an ɗora musu ƙarfen sanyaya. Ka ɗaga bod ɗin ka ji nauyinsa, ka ga ko ƙarfen mai kauri ne mai tsage-tsage da iska za ta ratsa, an ɗaure shi da noti. Idan ka ga wurin tsirara, to wannan bod na ƙaramin furosesa ne, ko da jerin kamfanin ya ce yana ɗaukar babba.

Wannan batu ya fi damun mu fiye da masu gwajin kaya da muke kallo a YouTube. Su a ɗaki mai iyakwandishan suke aunawa, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin bazara yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe kowace kafa ta iska. Duk digirin da ɗakinka ya fi nasu zafi, shi zai hau kan adadin da suka nuna maka. Sannan ka auna da furosesanka: Core i5-12400 iyakar abin da yake ja wat 117 ne, Core i7-13700K kuwa yana kaiwa 253. Ɗora na biyun a kan H610 mara ƙarfen sanyaya kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Kada kuma adadin layukan VRM da ake bugawa a kwali, 12+2 ko 16+1, ya ruɗe ka, domin yawan layukan ba ya faɗin ingancin kowanne.

Abu na biyu da ba na sassauci a kansa shi ne maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba. ASUS na kiransa USB BIOS FlashBack, Gigabyte na cewa Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ƙaramin maɓalli ne, galibi a baya kusa da ramukan USB. Ka tuna lambar da ka rubuta? Idan bod ya daɗe a shago da tsohon BIOS, misali B450 da kake son ɗora wa Ryzen 5000, ko B660 da ƙarni na 13, ba zai tashi ba sam. Da wannan maɓalli, sai ka sauke fayil ɗin a filash da aka tsara da FAT32, ka sauya masa suna yadda littafin bod ya ce, ka jona wayar wuta mai fil 24 da mai fil 8, ka danna, ka jira fitila ta daina ƙyaftawa. Amfaninsa na biyu namu ne na musamman. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabunta BIOS, bod kan zama gawa, kuma sau da yawa wannan maɓalli ne ke farfaɗo da shi. Duk da haka ban yarda ka sabunta BIOS ba sai kwamfutar na kan UPS ko inbata.

Wani zai ce to me zai sa in taɓa BIOS tunda komai na tafiya? Abin da ya faru a 2024 ya isa amsa. Intel ya amsa cewa furosesansa na tebur na ƙarni na 13 da 14 suna neman wuta fiye da kima har suna lalacewa a hankali, wasanni da manhajoji suna rufewa haka kawai. Gyaran ta BIOS ya zo, da lambobin 0x129 sannan 0x12B, kamfanin kuma ya ƙara shekara biyu a garanti. Furosesan da ya riga ya lalace gyaran ba ya dawo da shi. Idan irin waɗannan za ka saya, sabunta BIOS shi ne aikinka na farko. Wannan ne ma dalilin da nake leƙa shafin bod in ga yaushe aka saki BIOS na ƙarshe. Kamfanin da ke ci gaba da kula da bod bayan shekaru, shi nake ba kuɗina.

RAM na biye, domin yawancin daskarewar da ake ɗora wa bod daga nan take. Bod ɗin LGA1700 iri biyu ne, mai DDR4 da mai DDR5, kuma ba a musanya su, don haka ka karanta ƙarshen sunan da kyau. Ka sayi sanda biyu da aka sayar tare a kwali ɗaya, kada ka tsinto ɗaya nan ɗaya can. A bod mai ramuka huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake fara cikawa, A2 da B2. Sanda huɗu sun fi biyu wahalar daidaitawa, musamman a DDR5. Akwai jerin RAM da kamfani ya gwada, QVL, a shafin kowane bod, ka zaɓa daga ciki in da hali. XMP da EXPO da ke ɗaga gudun RAM su ma turawa ce fiye da ƙima, idan ka kunna ka ga kwamfuta na tangal-tangal, ka rage gudun. Kuma a AM5, tashin farko kan ɗauki mintuna sikirin na baƙi yayin da bod ke daidaita RAM, kada ka firgita ka zare waya.

Sauran abubuwan sauƙi ne. MicroATX ya wadatar da gida, in dai akwatin ya dace da shi. Ka tabbata akwai ramin M.2, inda ake saka ma'ajiyar SSD, aƙalla biyu. Ina son bod mai ƙananan fitilu huɗu, CPU da DRAM da VGA da BOOT, domin idan ya ƙi tashi su za su nuna maka inda ya maƙale. Ramin HDMI na jikin bod ba ya ba da hoto sai furosesan na da sashen hoto a cikinsa, Intel mai F a ƙarshen suna ba shi da shi, haka Ryzen na AM4 mara G.

Na san da yawa na hannu za su saya, a Beirut Road ta Kano ko Banex ta Abuja ko a aiko musu daga Computer Village ta Legas, kuma ba laifi ba ne. Amma ka je da tocila. A soket na Intel da AM5 fil-fil ɗin a jikin bod suke, sirara kamar gashi, ka haska ta gefe, duk inda haske ya karkace to akwai wanda ya lanƙwashe, ka ajiye. Ka duba kafasita mai kumburin kai, tabon ƙuna kusa da ramin fil 8, tsatsa a ramukan baya, da alamar an taɓa yin walda a bayan bod. Ka sa a kunna a gabanka, a gwada kowane ramin RAM ɗaya bayan ɗaya, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a rasit. Bod ɗin da aka ciro daga kwamfutocin ofis na Dell ko HP sau da yawa ramin wutarsa da girmansa na kamfanin ne kaɗai, ba zai zauna a akwati na gama-gari ba. Ka kuma sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0 da Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Tsofaffin bod masu cifset H61 da ke cike da kasuwa sun fita daga wannan layi.

Bod mai kyau ba ya tsira a hannun fawa fak mara suna, irin wanda ke zuwa kyauta da akwati. Ka ware masa kuɗi, ka sa UPS mai daidaita wuta tsakaninsa da bango, kuma ka kashe kwamfuta kafin a sauya daga NEPA zuwa janareta.

Idan ka gama haɗawa, kada ka kwashe ayyukanka ka zuba tukuna. Ka sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash ka bar shi ya kwana yana zagaye, kuskure ko ɗaya bai halatta ba. Washegari da rana tsaka, lokacin da ɗaki ya fi zafi, ka kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ya yi ta maimaitawa na rabin awa kana kallon zafi da gudu a manhajar HWiNFO. Idan bod ɗin na nuna zafin VRM, ni ba na son in ga ya kai digiri 90, kuma gudun furosesa bai kamata ya riƙa faɗuwa ba. In ya faɗi, ka ƙara fanka a saman akwati ka sake gwadawa. In bai gyaru ba, ka mayar da bod ɗin tun kwanakin gwajinka ba su cika ba.