Yadda Ake Yawon Keke a Ƙauyukan Kura

Mai son tuƙa keke cikin natsuwa ya bar titin Kano zuwa Zariya saboda manyan motoci, ya bi hanyoyin burji da ke gefen magudanan ruwan noman rani na Kadawa, wanda ake sakowa daga madatsar Tiga, tsakanin Kura, Garun Malam da Bunkure. Ya fita bayan sallar asuba, musamman lokacin hunturu, kafin rana ta yi zafi, lokacin da raɓa take kan ganyen alkama da tumatir. Ya ɗauki ruwan sha, famfo da kayan faci, domin ƙaya ba ta da wuyar huda taya. Idan ya haɗu da garken shanu, ya sauka ya ba su hanya, kuma kada ya ratsa gonar kowa sai ya yi sallama ya nemi izini.