Idan Aiki Ya Kai Ka Tsibirin Farasan

Bahaushen da takardar aikinsa ta fito da sunan Farasan sai ya buɗe taswira kafin ya gane inda aka tura shi. Tsibirai ne a cikin Bahar Maliya, ƙarƙashin lardin Jazan a kudu maso yammacin Saudiyya, ba nisa da iyakar Yaman, kimanin kilomita 40 zuwa 50 daga gaɓar birnin Jizan. Suna da yawa, amma uku ne aka sani da zaman jama'a: Farasan babba, inda ofisoshin hukuma da asibiti da kasuwa suke, sai Sajid wanda gada ta haɗa shi da babban, sai Ƙummah da sai an sake shiga ruwa a kai gare shi. Ko likita ne kai, ko nas, ko direba, ko ma'aikacin kamfanin gini, abin da zai fara koya maka zaman wurin shi ne jirgin ruwa.

Babban jirgin da ke tashi daga tashar Jizan kyauta ne, mutum da motarsa, gwamnati ce ke ɗaukar nauyi. Sau biyu aka saba yana tashi a rana daga kowane ɓangare, da sassafe wajen ƙarfe 7 da kuma gab da la'asar, tafiyar kuma awa ɗaya ce da 'yan kai. Lokacin yakan sauya, musamman da azumi, don haka ka tabbatar tun ana gobe. Kyautar ba ta hana yankar tikiti ba: sai an shigar da sunanka da lambar igamarka, watau katin izinin zama, ko fasfo idan bizar ziyara gare ka, kuma da wannan shaidar za ka wuce bincike, maza layinsu daban mata daban. Ka iso da aƙalla awa guda. Mai mota ya riƙe istimara, watau takardar motar, in kuma ta haya ce ko ta kamfani sai da izinin tuƙa ta da sunansa. Gurbin mota shi ke fara cika, ranar Alhamis da Asabar da lokacin hutun makarantu sai wanda ya yanka da kwanaki.

Kuskuren da sabon zuwa ya fi yi shi ne sayen tikitin jirgin sama daga Jizan zuwa Jidda ko Riyad a ranar da zai bar tsibirin. Iska na iya tashi a dakatar da jirgin ruwa, shi kuwa na sama babu ruwansa. Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi iskar kudu ke tayar da igiyar ruwa, daga Yuni zuwa wajen Agusta kuma akwai ƙurar da mutanen Jazan ke kira gubra, mai kama da hazon hunturu sai dai ita da zafi take zuwa. Wanda zai je gida hutu, ko Umra, ko ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, wadda tsakaninta da Jizan ya kai kilomita 700, ya tsallaka tun jajibere ya kwana a Jizan. Akwai ƙananan kwale-kwale masu inji da ake kira faluka, na kuɗi, suna tashi idan sun cika. Suna fitar da mutum kunya in jirgi ya wuce shi, amma ranar da teku ta yi fushi mai hajijiya zai yaba wa aya zaƙinta. Mai irin wannan lalura ya sha magani rabin awa kafin tashi, ya guji cika ciki da maiƙo, ya zauna tsakiyar jirgi.

Kusan duk abin da za ka saya a tsibirin a jirgin ruwa ya zo, ban da kifi. Bagala, watau kantin unguwa, tana da shinkafa, mai, sukari, burodi, madara da kaza, kuma katin Mada, na bankunan Saudiyya, yana aiki a yawancin shaguna, ko da yake masunta da masu faluka sun fi son kuɗi a hannu. Kayan miyarmu kuwa kada ka sa rai. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, daga Jidda ko Makka ake yo guzurinsu, inda 'yan uwa ke sayarwa. Abin daɗin shi ne Jazan ƙasar noma ce: ana shuka dawa, wadda suke kira zura, da gero da suke kira duhun, da riɗi, ga mangwaro birjik daga wajen Afrilu. A kasuwannin Jizan da Sabya da Abu Arish za ka sami hatsi, ka ba da a niƙa, tuwo da kunu da fura ba za su gagare ka ba. Sai dai kada ka niƙa fiye da na mako uku ko huɗu. Garin da zai yi wata biyu lafiya lau a Kano, a nan danshi zai dunƙule shi, ya yi tsami, ƙwari su shiga. A zuba a roba mai murfi mai matsewa, kuka da daddawa kuma a sa su firiza.

Danshin nan shi ne abin da ɗan Arewa bai saba da shi ba. Zafin Sakkwato ko Maiduguri busasshe ne, ka yi gumi ya bushe, ka shiga inuwa ka sarara. Na Farasan ma'auni na iya nuna 36 ko 38 kawai, amma iskar a jiƙe take, gumin ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, har cikin dare. Shi ya sa mutum ke galabaita bai ankara ba. Alamar farko fitsari ya yi duhu ya ragu, sai ciwon kai da ɗaurewar jijiyar ƙafa. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da aka zubar. A lita guda ta ruwa mai tsafta a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, a riƙa kurɓa. Wanda ya fara ruɗewa ko sambatu, ba na gida ba ne, a kira 997, motar asibiti. Dokar ƙasar ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ka san wannan haƙƙinka ne.

Shadda mai sitati da babbar riga a ajiye su don Juma'a da Sallah. Yadin auduga mara nauyi shi ne na kullum, ka ma lura mutanen gari da yamma wizra suke ɗaurawa, irin zanen maza, da 'yar shara. Kayan da aka rufe a akwati wata guda sukan yi fumfuna, takalmin fata da ɗamara su ne kan gaba, saboda haka a riƙa buɗe kabad ana shanya su. Takardun makaranta da fasfo a sa su cikin leda mai zif.

Gishirin da ke cikin iska kuma ƙarfe yake ci. Mukayyif, watau na'urar sanyaya ɗaki, a zare ragarta a wanke duk mako biyu, injin waje kuma a kashe wuta a watsa masa ruwan daɗi lokaci-lokaci, in ba haka ba tsatsa ta huda bututun, gas ya tsiyaye, ka wayi gari yana hura iska mai ɗumi. Idan ka ga ruwa na ɗiga cikin ɗaki, tiyon fitar da ruwa ne ya toshe. Mai mota ya riƙa wanke ƙarƙashinta, ya duba kan batir. Soket ɗin irin namu ne mai ƙafa uku. Ruwan famfo daga teku aka tace shi, kuma da rani tankin saman gida kan tafasa shi har ya gagari alwala da azahar, dabarar ita ce a tari bokiti tun dare a bar shi a banɗaki. Duk abin da aka tara ruwa a ciki a rufe shi, domin akwai zazzaɓin dengi a yankin Jazan, sauronsa da rana yake cizo kuma a ruwa mai tsafta yake ƙwai. Zazzaɓi ya kama ka, kada ka ce maleriya ce ka afka wa maganin da ka zo da shi, kada kuma ka sha asfirin, je a gwada jini. Tun da an zo maganar magani: Tramol da danginsa ba tare da takardar likita ba laifin ƙwaya ne a Saudiyya, haka gat, ganyen maye da ake fasa-ƙwaurinsa daga iyaka, kuma saƙon da ba ka ga cikinsa ba kada ka tsallaka da shi ko na wane ne.

Teku tana da kyau har ta ruɗi mutum, ruwan garau kana ganin ƙasa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ya koya. Kada a shiga babu takalmin roba, don akwai kaifin murjani, da wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya, da kifin da ke kwanciya kamar dutse mai mugun dafi. Wanda ya taka shi a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a wuce asibiti. Fita cikin teku da kwale-kwale sai da sanin dakarun tsaron iyaka, lambarsu 994, kuma kada a ɗauki hoton wurarensu. Tsibiran gandun hukuma ne, a 2021 ma UNESCO ta sa su cikin wuraren da take karewa. Barewar da za ka gani da asuba a bakin hanya, idmi, farautarta tara ce mai nauyi, da dare kuma a rage gudu saboda ita.

Garin ƙarami ne, kowa ya san kowa, cikin mako guda an san baƙon da gidan da ya sauka. Sallama da jam'i a masallacin unguwa su ke buɗe maka ƙofa. Dattijo ka ce masa ya ammi, dattijuwa ya hala. In an gayyace ka cin abinci za ka haɗu da marsa, gurasar da aka murmushe da ayaba da zuma da man shanu, ana haɗa ta da busasshen kifi mai gishiri. Ranar hutu ka leƙa ƙauyen Ƙassar mai gidajen dutsen murjani cikin dabinai, da masallacin Najdi, da gidan Rifa'i, attajirin lu'ulu'u, mai zanen bango da zai tuna maka adon gidajen Zariya.

Wajen Afrilu kifin harid, mai baki kamar na aku, yakan taru garke guda a ruwa mara zurfi na gaɓar Hasis, sau ɗaya a shekara. Masunta su kewaye shi da raga, a ba da alama, gari kaf ya auka ruwa, yaro da babba, kowa na cusa abin da ya kama a buhu ko cikin riga. Wanda ya san Argungu ba sai an yi masa bayani ba. A makon nan jirgi cika yake maƙil da baƙi, masauki ya yi wuya, mai tafiyar dole ya yanki tikitinsa da wuri.