Yadda za ku zaga tsakiyar Yamai a ƙafa ku ga tarihinta

Masu tambayar ta ina za a fara ba tare da ɗan jagora ba, ga hanya:

1. Ku fito da sassafe, da ruwan sha da hula. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta da wasa.
2. Ku fara da gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959.
3. A cikin gidan tarihin, ku nemi bishiyar hamadar Tenere da mota ta kayar a 1973, sannan ƙasusuwan dinoso (manyan dabbobin zamanin da).
4. Ku zauna wajen maƙera da dukawa da ke cikin gidan tarihin. Nan ya fi cancantar lokacinku. Ku nemi izini kafin hoto.
5. Ku tsallaka titi zuwa cibiyar al'adu ta Moustapha Alassane.

Hattara: an sauya sunayen wurare a 2024. Idan kun ɓata, ku ce tsohuwar CCFN (tsohon sunan wannan cibiya, wato cibiyar al'adun Faransa da Nijar), za a gane.

6. Ku gangara gadar Kennedy ta 1970, ku kalli kogin Kwara.

Hattara: kada ku ɗauki hoton gada, sojoji ko ginin gwamnati. Ana iya karɓe muku waya.

7. Ku hauro Babbar Kasuwa kafin azahar.