Yadda ake haɗa epoksi don gyaran jirgin ruwa

Epoksi ruwa biyu ne, resin da abin daskararwa da ake kira hadna. Kafin ka buɗe ko ɗaya, tabbatar katakon ya bushe sarai, ka goge wurin da samfefa mai lamba 80. Epoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako, ko wanda mai ya taɓa.

Awo ne ke kayar da sababbin hannu. Duba jikin gwangwani: wani 2 da 1 ne, wani 5 da 1 kamar epoksin kamfanin West System, resin mai lamba 105 da hadna mai lamba 205. Idan 5 da 1 ne, mililita 100 na resin, 20 na hadna. Kada ka ƙara hadna wai don ya yi saurin kamawa. Wannan dabarar wani resin ce daban da ake kira poliyesta, a nan ɓarna take yi. Kowane ɗigon hadna da rabon resin ɗin da zai kama, abin da ya yi saura sai ya zauna haka nan, gyaran ya yi danƙo, kwana uku yana manne wa hannu, ƙarshe sai an kankare an sake. Awon kofi daban, awon sikeli daban, domin resin ya fi hadna nauyi. Bi wanda aka rubuta. Sirinji biyu sun isa, kowane ruwa da nasa, kuma ba su da tsada.

Sa safar hannu. Juya da ɗan katako mai faɗin baki minti biyu, kana kankaro gefen kofi da gindinsa, nan ne ɗanyen resin ke maƙalewa.

Da ka gama, juye a faranti mai faɗi. Haɗin da kansa yake ɗaukar zafi. A kofi mai zurfi yakan yi hayaƙi har ya narkar da roba. Hadna 205 minti 9 zuwa 12 take bayarwa kafin haɗin ya fara daskarewa a zafin digiri 22 na ma'aunin Celsius, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin lokacin. A zafin bazara irin na Yawuri ko bakin Tafkin Chadi, sayi hadna mai jinkiri, ka haɗa kaɗan-kaɗan da sassafe, a inuwa.

Shafa tsinkakken haɗin a katako tukuna ya sha. Sannan zuba garin katako a sauran har ya yi kaurin tunkuza, ka cike tsagar. Gari bayan juyi ake zubawa, ba kafin ba.

Washegari wanke maiƙon da ya taso a sama da ruwa, goge da samfefa, ka yi fenti, don rana na cin epoksi. Ba shi mako guda kafin jirgin ya koma ruwa.