Ga ƙannena masu shirin zuwa Faransa: ku san lokutan inabi, ku san abin da ke cikin kofi

Tun da na zo hutu Argungu yara ukku sun same ni da maganar tafiya karatu Faransa, kowa tambayarshi biza da kuɗin haya, ba wanda ya tambayi abin da ya fi ba ni wahala shekarata ta farko, wato zama cikin mutanen da rayuwarsu duka ke bin gonar inabi kamar yadda tamu ke bin shinkafar fadama. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Idan Allah ya kai ka wajen Bordo ko arewacin Liyon, cikin hunturu za ka ga gonaki sun zama ƙirare, ka rantse sun mutu. Ba su mutu ba. Lokacin ne ake bi da almakashi ana datse rassa, daga Disamba har Maris, kuma wajen Maris sai ka ga ruwa na ɗiga daga bakin yankan, su suna cewa itacen na kuka, alamar ya farka ke nan. Afrilu toho ya fito, a nan hankalin manomi ke tashi don sanyin dare ɗaya na iya ƙone tohon duka, haka aka yi a Afrilun 2021, mutane suka kwana kunna wuta tsakanin kunya-kunya. Duk wanda ya taɓa ganin ambaliya ta ci mashi shinkafa ana gab da yanka ya san wannan kallon da ke idonsu, don Allah ka jajanta ma maƙwabcinka ko da ba ka shan abin da yake nomawa.

Kakar inabinsu daga ƙarshen Agusta ne zuwa Oktoba, suna kiranta vendanges, kuma nan ne za a yi maka tayin aiki don hannu ake nema sosai. Ɗalibi na da izinin aikin awa 964 a shekara, kwangilar tsinkar inabi kuma ba ta wuce wata ɗaya sai dai a sabunta. Kar ka yarda ka hau motar ɗan kwangilar da bai ba ka takarda ka sa hannu ba, wallahi ina nufin wannan. A Satumban 2023 masu tsinka sun mutu cikin zafi a yankin Shamfan, kuma an samu 'yan Afirka ta Yamma an cusa su a gidan da ko dabba ba ta kamata ba. Kar ka ce ai ni ɗan Kebbi ne na saba da rana, duƙe ake wuni, ka sha ruwa.

Maganar halaccin tsinkar inabin da ka san giya za a yi da shi, wannan ka zauna da malaminka tun kana gida, kar ka bari sai aljihu ya bushe sannan ka fara neman fatawa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, sai na nemi gonar inabin ci, akwai su wajen garin Moissac a kudancin Faransa, akwai kuma tsinkar tuffa kusan lokaci ɗaya.

Yanzu abin da ya sa ma na ɗauki waya. Da an matse inabi, yis ke fara cin sukarin yana mai da shi giya, cikin 'yan kwanaki. To a tsakanin nan akwai wani abu da suke sayarwa, fari-fari kamar kunun zaƙi, da zaƙi da ɗan kumfa, Faransawa na ce mashi bourru, a Jamus Federweisser. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta miƙo man da zuciya ɗaya ta ce sabon ruwan inabi ne, na kai baki, ƙamshin ne ya tsayar da ni. Giya ce ƙanena, ko murfin kwalbar ba a toshewa gam don tana kan aiki. Wanda ba komai cikinshi an rubuta jus de raisin, in kuma ka ga sans alcool, wato ba barasa, ka ƙara duba ko akwai 0,0%.

Alhamis ta ukku a Nuwamba ake fito da Beaujolais nouveau, sabuwar giyar shekarar, gari ya ɗauka, abokan karatu za su ja ka. Disamba kuma kasuwannin Kirsimeti akwai vin chaud, yana turiri yana ƙamshin kirfa kamar shayi, shi ma giya ne. Haka abinci, coq au vin da boeuf bourguignon da giya ake dafa su.

In an gayyace ka cin abinci ka je, kar ka ɓoye a ɗaki kaɗaici ya cinye ka. Ka faɗa tun kafin ranar cewa ba ka sha, a sake, ba tare da wa'azi ba, yawancinsu za su aje maka lemu. Ni zoɓo nake dafawa in tafi da shi, busasshen na nan a shagunan 'yan Senegal da sunan bissap, kuma dattijuwar nan yanzu duk kaka ita ke tambayata yaushe zan kawo. Ku sa citta da kanumfari a jaka kafin ku taso.